Daga Yaji Zuwa Jajjage: Tarihin Barkono a Tukunyar Gure

Jajjage shi ne ɗanyen barkono da aka daka sama-sama a turmi tare da albasa da gishiri, a ci shi haka nan ko a soya shi cikin mai har ya yi kauri. A Gure, babban garin ƙasar Muniyo da ke kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, yau ana samun sa a gefen shinkafa da wake, a kan dambu, a wurin mai awara da mai ƙosai, da kuma cikin kwalba a ɗakin uwargida. Sai dai a tarihin girkin wannan ƙasa jajjage ƙane ne. Wansa shi ne yaji, wato busasshen barkono da aka daka ya zama gari. Dalilin wannan fifiko a fili yake: ƙasa ce da ruwan samanta bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba, kuma a irin wannan wuri abin da ba ya ajiyuwa ba ya zama cimar kullum. Kafin ɗanyen barkono ya zauna a tukunyar talaka sai da aka samu abubuwa uku: ruwan noman rani, mai mai araha, da hanyar mota.

Kayan yaji kafin barkono

Hausawa da Barebari sun san ɗanɗanon yaji tun kafin barkono ya iso Afirka. Abin da ke ba miya zafi a wancan zamani shi ne masoro, kimba, citta mai ƴaƴa, citta mai yatsu, fasaƙwari da kanumfari. Yawancinsu ba sa fitowa a ƙasar rairayi. Masoro tsiro ne mai yaɗo da ke hawa itatuwan kurmi, kimba ƴaƴan wata doguwar itaciya ce ta ƙasashen da ke da ruwa, citta mai ƴaƴa kuma ta gaɓar teku ce. Fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja su ne ke ɗauko irin waɗannan kaya a kan jakuna, daga nan ƴan koli su rarraba su kasuwa-kasuwa har su kai Damagaram da Barno. Kanumfari ya fi su duka nisan tafiya, domin asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunisiya, kuma ta hannun Larabawa yake isowa.

Wannan ciniki ba na gida kaɗai ba ne. Citta mai ƴaƴa ta riƙa ƙetare Sahara a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga kasuwannin Turai tun a ƙarni na 13, inda aka ɗauke ta kayan marmari mai tsada. Da Turawan Fotugal suka gano hanyar teku a ƙarni na 15, neman ta na cikin abin da ya kai jiragensu gaɓar da yanzu take ƙasar Laberiya.

Abin lura game da waɗannan tsofaffin kayan yaji shi ne dukansu busassu ne, na saye ne, kuma daga nesa suke zuwa. Mai hali ya zuba su a miya, marar hali ya tanade su don mai jego ko marar lafiya. Ɗanɗanon miyar yau da kullum yana fitowa ne daga daddawar kalwa, ko daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa, da gishiri da kanwa.

Yadda barkono ya ƙetaro teku

Duk nau'o'in barkono, daga ƙaramin nan mai azabar zafi har zuwa tattasai, ƴan asalin nahiyar Amurka ne. Masu binciken kufai sun samu alamarsa a jikin tukwane da duwatsun niƙa a Ikwado da suka kai shekaru kusan 6,000, kuma mutanen Meziko ne suka mayar da nau'in da tattasai ya fito daga cikinsa amfanin gona. A 1492 Kiristofa Kolumbus ya isa tsibiran Karebiyan yana neman hanyar ƙasar kayan yaji, ya tarar mutanen wurin suna cin wani jan abu mai zafi da kusan kowane abinci. A shekarun da suka biyo baya irinsa ya isa Sifaniya.

Turawan Fotugal ne suka fi kowa yaɗa shi. Sun gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana ta yau a 1482, sun isa Birazil a 1500, jiragensu kuma suna kai-komo tsakanin gaɓoɓin biyu da cinikin bayi. Ta wannan mummunar hanya masara, rogo, gyaɗa, dankali da barkono suka shigo Afirka ta Yamma. Daga gaɓar teku barkono ya riƙa hawowa arewa daga hannun manomi zuwa hannun manomi, da kuma cikin kayan fatake. A ɗaya gefen kuma ya kafu a Tunisiya da sauran ƙasashen Magrib, waɗanda ayarin raƙuma ke haɗa su da Barno ta Bilma, da Damagaram ta Abzin. Ƙasar Muniyo tana tsakanin waɗannan hanyoyi biyu.

Abin da ya ba barkono nasara a kan masoro da kimba shi ne ba ya bukatar fatake. Mace na iya shuka shi a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta tsinki ƴaƴansa wata da watanni, ta ajiye iri daga abin da ta ci. Kaɗan daga cikinsa ya ishi babbar tukunya. Zafin da a da sai da kuɗi ake samun sa ya zama abin da kowa ke iya nomawa. Tsofaffin kayan yajin ba su ɓace ba, amma sun koma masu ba da ƙamshi, barkono ya karɓi aikin zafi.

Muniyo: gishiri, kanwa da kwari

A ƙarni na 19 Muniyo ƙasa ce mai sarkinta, Muniyoma, a ƙarƙashin inuwar Barno, kafin Sarkin Damagaram Tanimu ya shigar da ita cikin ikonsa. Arzikinta yana cikin kwaruruka, wato ramukan ƙasa da ke tsakanin tuddan rairayi inda ruwa yake kusa da sama. A tsakiyar wasu kwaruruka kanwa ce ke tsatsowa, a wasu kuma ƙasa mai gishiri ce da ake tacewa a dafa ruwanta a ƙananan tukwane har ya daskare ya zama manda ko mangul. Da rani mutane sukan yi ƙaura zuwa waɗannan wurare don aikin gishiri, fatake kuma su yi lodin sa zuwa Kano, Katsina, Sakkwato har ƙasar Nufe. A gefen kwarin, inda ruwa ke da daɗi, akwai dabino da goriba, a ƙarƙashinsu kuma lambuna.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta wannan ƙasa a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya sauka a Gure, ya gana da Muniyoma Koso, sannan ya wuce ta tafkunan Gidimuni, inda ya ga gonakin ban ruwa da ake noma auduga, baba, albasa da barkono. Wannan shaida tana nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 barkono ya riga ya zama amfanin lambu a yankin. A 1916, lokacin da likita J. M. Dalziel ya wallafa littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, barkono da tattasai sun shiga cikinsa a matsayin sanannun tsirran gida, kowane da ire-irensa.

Saboda haka manyan sinadaran jajjage guda uku, barkono da albasa da gishiri, sun daɗe da haɗuwa a ƙasa ɗaya. Mai lambu da iyalinsa da maƙwabtansa sukan ci ɗanye idan ya nuna. Abin da ya hana wannan ya zama cimar kowa shi ne nisa da zafin rana. Ɗanyen barkono a kan jaki ko raƙumi, a tafiyar kwana biyu ko uku cikin rairayi, ko ya yanƙwane ko ya ruɓe. Wanda aka shanya kuwa yana shekara.

Zamanin turmi da yaji

Shanya ita ce fasahar da ta dace da ƙasar. Barkono yana nuna ne a ƙarshen damina da lokacin ɗari, daidai lokacin da iskar hunturu ke busar da komai. Akan baza shi a kan tabarmar kaba, ko a kan rufin soro, ko a share fili mai tsabta, a riƙa juya shi har sai ya yi ƙaras-ƙaras idan aka matsa. Daga nan sai buhu, ko tulu, ko rataya a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari.

Dakan yaji aiki ne da ke da ƙa'ida. Akan sake shanya barkonon da safe don ya yi saurin dakuwa, a cire hancinsa, a fara da masu tauri irin su citta da kimba da masoro, sannan a zuba barkono da gishiri. Mai daka takan ɗaure hanci da baki da gefen mayafi, ta juya wa iska baya, ta ɗiga ɗan mai a turmi don ya kwantar da ƙurar. A tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin turmi, a sake dakawa. Duk gidan da ake wannan aiki maƙwabta sukan sani daga atishawar yara.

Daga wannan turmi ire-iren yaji suka fito. Akwai yajin ƙuli na tsire da balangu, wanda ƙuli-ƙuli ya fi yawa a cikinsa. Akwai yajin daddawa na tuwo da ɗumame, da yajin tafarnuwa. Akwai jan haɗin da mahauta ke tsoma kilishi a ciki, wanda tattasai ke ba shi launi. Mafi daraja a al'ada shi ne yajin jego. Tun kafin haihuwa miji yakan sayo kayan yaji, bayan haihuwa mata ƴan uwa da maƙwabta su taru su daka, mai jego ta riƙa cin sa da ƙauri da tuwo tana shan kunun kanwa tsawon kwanakin wanka. Har fura ma ba a raba ta da ɗan barkono da citta da kanumfari. A duk waɗannan, busasshe ne ake nufi idan aka ce barkono.

Mai, kwalta da noman rani

Sauyi na farko ya zo ta hanyar mai. A da maiƙon girki a Muniyo man shanu ne daga Fulani da sauran makiyaya, sai kitse, sai ɗan man gyaɗa da mata ke matsa a gida. Babu wanda zai ɓarnatar da man shanu wajen soya barkono. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Hausa, ya haura har Magarya, Matamaye da Maraɗi, inda daga baya aka kafa masana'antun matsar mai. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗa. Wannan ya sa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka wadata a kasuwannin jihar Damagaram. Farin shekarun 1973 da 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya wannan noma, amma al'adar suya ta riga ta kafu, sai man ja daga kudancin Najeriya da man jarka na ƙasashen waje suka cike gurbin.

Sauyi na biyu hanya ce. A farkon shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Gigimi da ke yankin tafkin Cadi da tallafin ƙasar Kanada, wadda ta zama ɓangaren gabas na babbar hanyar da ta ratsa Nijar. Tafiyar da raƙumi ke yi a mako sai mota ta yi ta a yini. Kwandon ɗanyen kaya da aka tsinka da yamma a wani kwari yana iya kwana a kasuwa washegari. Ta hanyoyin mota ne kuma attarugu, wanda wasu ke kira tugande, ya riƙa isowa daga lambunan Kano da Jigawa da Yobe. Shi wannan nau'i mai ƙamshi da tsoka ba ya shanyuwa da sauƙi kamar ƙaramin barkono, don haka a ɗanyensa aka fi sanin sa, kuma shi ne ya zama zuciyar jajjage.

Sauyi na uku ya biyo bayan farin 1984. Gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a da su rungumi noman rani, aka haƙa rijiyoyin lambu, aka raba iri. A gundumar Gure kwaruruka ne suka ɗauki wannan nauyi. Tumatir, kabeji, salati, albasa, rogo da barkono suka yawaita, sannu a hankali injin ban ruwa ya maye gurbin guga da jigo a wurin masu hali. Daga nan kayan miya ɗanye suka zama abin da ake kasawa kashi-kashi a kasuwannin Gure, Gidigir, Bune da Subdu tsawon watannin ɗari. Injin markaɗe da ya shigo unguwanni, da sinadarin dunƙule da ya bazu a Afirka ta Yamma a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, su suka ƙarasa fasalin jajjagen da aka sani yau.

Tattasan Komadugu

Ba a maganar barkono a gabashin Nijar ba tare da tattasan Diffa ba. Ana noma shi a gaɓar kogin Komadugu Yobe, wanda ruwansa ke fitowa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa tafkin Cadi. Barebarin Mobar da ke zaune a bakin kogin sun daɗe suna ban ruwa da jigo. Bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980 sun koma ga tattasai da injin ban ruwa, har ya zama babban abin samun kuɗin jihar, aka yi masa laƙabi da jan zinariya. Akan yi renon iri da damina, a dasa, a fara tsinka da shigowar ɗari, a ci gaba har ƙarshen rani. Noma ne mai cin jari: man inji, taki, maganin ƙwari da ladan masu tsinka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi ya sa manoma da yawa ke karɓar bashi daga ƴan kasuwa su biya da buhunan tattasai.

Kafin rikicin Boko Haram, abin da ake samu a shekara ya kai kimanin tan 10,000 na busasshen tattasai, kuma mafi yawansa Najeriya yake tafiya. Wanda ya nufi Damagaram da Maraɗi da Yamai kuwa ta Maine Sorowa da Gudumariya da Gure yake bi, a manyan motocin da ake yi wa lodi har sama saboda buhun tattasai girma gare shi ba nauyi ba. Bayan harin da aka kai Boso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana cinikin tattasai da kifi da hawan babur, ta taƙaita sayen taki da mai, bisa hujjar cewa ƴan bindiga na samun kuɗi daga wannan ciniki. An tashi ƙauyuka da dama daga bakin kogi, dubban iyalai suka rasa gonakinsu. An ɗage haramcin tattasai a watan Oktoba na 2017, amma rashin tsaro da ambaliyar kogin, irin ta 2019, sun ci gaba da takura noman. Matan Gure sun ji wannan a farashin tiyar tattasai, domin shi ne ke ba miya da jajjage ja da kauri a watannin da ɗanye ya yi wuya.

Yadda ake haɗa jajjage

Haɗin ya dogara ne a kan sanin aikin kowane barkono. Attarugu yana ba da zafi da ƙamshi. Tattasai yana ba da launi da jiki da ɗan zaƙi. Shambo, dogon nan, yana tsakani. Ƙaramin barkono zafi ne zalla. Zafin yana fitowa daga wani sinadari da ake kira kafsaisin, wanda ya fi taruwa a farar tsokar da ƴaƴan ke maƙale a jiki. A ma'aunin da Ba'amurke Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, attarugu yana tsakanin 100,000 da 350,000, alhali koren tattasan lambu yana kan sifiri. Wadda ke son ƙamshin attarugu ba tare da azabarsa ba sai ta tsaga shi ta kankare cikin.

Akan zaɓi barkono mai tauri da sheƙi, a zubar da duk wanda ya yi laushi ko baƙin tabo. A cire hanci, a wanke, a baza a faifai ya tsane, domin ruwa shi ne abokin gabar ajiya. Mai aikin takan shafa mai a hannu kafin ta fara. A turmi gishiri ake fara zubawa tare da tafarnuwa da ɗanyar citta, saboda gishirin yana riƙe barkono ya hana shi tsalle yana fantsama a ido. Sannan attarugu, sannan tattasai, albasa a ƙarshe don ita ce mai ruwa. Ba a son ya yi laushi kamar markaɗen inji. Ana barin sa da ɓarzo-ɓarzo yadda za a ga jan fata da farar albasa, kuma wannan ne ya raba jajjage da markaɗe.

Idan ɗanye za a ci, sai a matsa lemon tsami, a zuba ɗan mai, a kai shi gaban gasasshen nama ko kifi ko dafaffen rogo. Wannan na yini ɗaya ne. Idan na suya ne, sai a ɗora mai wadatacce a wuta, a soya yankakkiyar albasa har ta yi ja, a juye jajjagen, a rage wuta. Da farko zai yi ta tafasa yana tururi mai sa tari, ruwansa na fita. Ana juyawa a kai a kai don kada ya kama. Sannu a hankali ƙarar tafasar takan sauya ta koma ta suya, launin ya tashi daga ja mai haske zuwa ja mai duhu, mai ya rabu ya taso sama yana ja. A nan ake zuba daddawa ko dunƙule, wasu su ƙara dakakken busasshen kifi. Kafsaisin yana narkewa a mai, ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa suya ke baza zafin ko'ina cikin haɗin ya daina sukar harshe wuri ɗaya. Wannan dalili ne kuma ya sa wanda yaji ya kama ya fi samun sauƙi da nono ko kindirmo a kan ruwa.

Idan aka sa tumatir da yawa, haɗin ya tashi daga jajjage ya nufi miyar dage-dage. Masu girki sukan jefa ɗan gutsuren kanwa don kashe tsamin tumatir, dabarar da ta dace da ƙasar kanwa. Wannan ya yi daidai ga abin da za a ci nan take, amma ba ga na ajiya ba, domin tsami na cikin abin da ke hana abinci lalacewa.

Ajiya da lafiya

A watannin Afrilu da Mayu zafin Gure yana wuce digiri 40, kuma ba kowane gida ke da firiji ba. Abubuwa huɗu ke tsawaita kwanan jajjage: ƙone ruwansa sarai, isasshen gishiri, tsami daga lemo ko tsamiya, da man da zai rufe samansa a cikin kwalba busasshiya da aka wanke da tafasasshen ruwa. Cokali mai laima ko wanda aka ci abinci da shi ba ya shiga kwalbar. Inda babu sanyi, mata sukan sake ɗumama shi kowace safiya, kamar yadda ake yi wa miya. Da an ga kumfa, ko farin gashi a sama, ko murfi ya kumbura, zubarwa ake yi. Haɗari mafi girma yana cikin ɗanyen barkono ko ɗanyar tafarnuwa da aka nutsar cikin mai aka rufe aka ajiye a ɗaki mai zafi: irin wannan wuri marar iska kuma marar tsami shi ne ƙwayar cutar botulizim ke so, kuma gubarta na kisa ba tare da ta sauya wari ko ɗanɗano ba.

Busasshe ma yana da nasa sharaɗi. Tattasan da aka zuba a buhu bai gama bushewa ba yakan yi fumfuna, wasu ire-iren fumfunar kuma suna haifar da gubar afalatoksin mai lahanta hanta. Ta fuskar amfani kuwa, ɗanyen barkono da tattasai suna cikin kayan lambu mafi yawan bitamin C. Daga jan tattasan Hangare ne masanin nan Albert Szent-Györgyi ya tace wannan bitamin da yawa, aikin da ke cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1937. Shanya da doguwar suya suna rage shi ƙwarai, don haka ɗanyen jajjage da lemon tsami yana ba jiki abin da yaji ba ya bayarwa.

Matsayinsa a yau

Kusan kowace ƙasar da barkono ya shiga ta samar da irin nata haɗin. Tunisiya tana da harisa, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2022. Gana tana da shito mai kifi da jatan lande, wanda Hausawan zango suka iya sarai. A Amurka Edmund McIlhenny ya fara yin Tabasco a 1868 da barkono da gishiri da ruwan kal. Jajjagen ƙasar Hausa da Barno bai shiga masana'anta irin haka ba. Ya tsaya a hannun mata: masu abincin sayarwa a tasha da bakin kasuwa, masu awara a ƙofar gida, da waɗanda ke cika ƙananan robobi suna sayarwa a unguwa ko ta wayar salula, musamman da azumi da lokacin biki.

Samuwarsa har yanzu tana bin shekara. Daga Disamba zuwa Maris ɗanyen kaya yana araha, kowa ya jajjaga. Daga bazara zuwa tsakiyar damina yakan yi tsada, sai a koma ga busasshen tattasai da ake jiƙawa a ruwan zafi a daka da albasa da attarugu biyu ko uku don ƙamshi. Samuwar tasa tana kuma bin iyaka: rufewar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, duk sun taɓa farashin kayan miya. Babbar barazana ta dogon lokaci ita ce rairayin da ke binne kwaruruka a gundumomin Gure, Gudumariya da Maine Sorowa, wanda ya sa ake kafa shingayen kirare da ganyen kaba a kan tuddai ana dasa itatuwa don tsayar da shi. Yawan ɗanyen barkonon da zai isa kasuwar Gure a shekaru masu zuwa ya dogara ne a kan tsirar waɗannan lambuna, da zaman lafiyar gaɓar Komadugu, da buɗewar hanyoyin da ke haɗa yankin da kasuwannin arewacin Najeriya.